BABI NA BIYU: TARIHIN RARRABE JINSUNAN AYABA DA GANO NASABARSU

2.0 Gabatarwa

A unguwar Soron Ɗinki, kamar sauran tsofaffin unguwannin da ke cikin ganuwar birnin Kano, ba a noman ayaba, amma ba a rasa ta a kan teburin mai kayan marmari, musamman a watan azumi. Mai sayarwa da mai saye duk sun san kashi biyu: akwai ayaba wadda ake ɓarewa a ci ɗanya, sau da yawa da gyaɗa, akwai kuma agade wanda sai an soya ko an gasa ko an dafa. Wannan rabo na kasuwa shi ne kuma rabon da masana ilimin tsirrai na Turai suka riƙe har kusan shekara ɗari biyu. Wannan babi zai bi tarihin yadda aka gane cewa rabon ba shi da tushe a halittar tsiron, da yadda aka koma ga binciken gadon da ke cikin ƙwayoyin halittarsa don a gano nasabarsa, sannan a duba abin da sakamakon ya nuna game da hanyar da ayaba ta bi kafin ta iso ƙasar Hausa. Domin sauƙin bayani, za a yi amfani da kalmar "dangi" ga babban rukunin tsirrai, "jinsi" ga abin da ke ƙarƙashin dangi, "reshe" ga abin da ke ƙarƙashin jinsi, sannan "iri" ga abin da manomi yake dasawa ya kuma raɗa wa suna.

2.1 Abin da Sunayen Hausa Suka Nuna

Kafin a shiga maganar ɗakin gwaje-gwaje, ya kamata a fara da shaidar da ke bakin Bahaushe. Yawancin kayan lambun da suka zo wa Hausawa ta hamada sun zo da sunayensu na Larabci. Alal misali albasa da alkama da lemo da rumman duk aro ne daga Larabci. Larabawa suna kiran ayaba mauz, kuma malaman Kano sun daɗe da sanin kalmar a littattafai, domin da yawa daga malaman tafsiri da ita suka fassara kalmar ɗalhu da ta zo a Suratul Waƙi'a, shi ma Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da ayaba ya fassara ta a tarjamarsa ta Hausa. Duk da haka kalmar mauz ba ta shiga Hausar kasuwa ba. Abin da ya shiga shi ne ayaba, wadda ta yi daidai da yaba ta Nufanci, da kuma agade, wanda ya fito daga ogede na Yarbanci. Canjin wasalin da aka samu a agade irinsa ne aka samu a alabo, wanda asalinsa elubo ne a Yarbanci. Ke nan harshe ya nuna kudu, bai nuna arewa ba.

Akwai wata 'yar shaida ta tarihi da ta dace da wannan. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Gwandu a shekarar 1853, ya ambaci ayaba da albasa cikin abubuwan da ake samu a kwarin garin. A wancan zamani ƙasar Nufe tana ƙarƙashin Gwandu ne, kuma fatake ba sa yankewa tsakaninsu. Wannan bai isa hujja a kan cewa daga Nufe aka kawo dashen ba, amma bai saɓa wa shaidar harshe ba. Kano kuwa, ruwan saman da take samu a shekara bai kai abin da ayaba ke bukata ba sai a fadama ko lambun da ake yi wa ban-ruwa, saboda haka yawaitar ayaba a birni ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa ne a 1911, da kuma manyan motocin da suke sauke kayan kudu, waɗanda a yau kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa ce matattararsu.

Akwai suna na uku da ya kamata a ajiye a zuciya, wato ayabar daji. Wannan tsiro ne da ake samu a wuraren duwatsu na tsakiyar Nijeriya, ganyensa kamar na ayaba, amma 'ya'yansa cike suke da ƙwallaye masu tauri. Za a ga nan gaba cewa ba uwar ayabar gida ba ce, ko da yake sunan na iya sa a zaci haka.

2.2 Daga Linnaeus Zuwa Cheesman

Mutumin da ya kafa tsarin raɗa wa tsirrai suna biyu-biyu da Latinanci shi ne Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Swidin. A shekarar 1736 yana aiki a lambun wani attajiri mai suna George Clifford a ƙasar Holan, ya yi dabarar da ta sa wata ayaba ta yi fure a ɗakin da ake ɗumamawa, har ya rubuta ɗan littafi a kanta. A 1753 ya raɗa wa agade suna Musa paradisiaca, a 1759 kuma ya raɗa wa ayabar ci ɗanya Musa sapientum. Kada sunan Musa ya rikita mai karatu Bahaushe. Ba shi da alaƙa da Annabi Musa, ana danganta shi ne da kalmar mauz ta Larabci, wasu kuma suna danganta shi da Antonius Musa, likitan Sarkin Rum Augustus.

Matsalar ita ce Linnaeus bai taɓa zuwa inda ayaba ke tsirowa a daji ba. Abubuwa biyun da ya ɗauka jinsuna ne na asali, irin gona ne waɗanda ɗan Adam ya daɗe yana dasawa, kuma daga baya aka gano dukkansu ruwa-biyu ne daga iyaye iri ɗaya. Da masana suka shiga ƙasashen Indiya da Malesiya da Filifin sai suka tarar da ɗaruruwan ire-iren ayaba waɗanda ba su shiga ko ɗaya daga cikin sunayen biyu ba. Akwai wadda ake ci ɗanya a wani gari, a dafa ta a wani. Maimakon a sake tsarin, sai kowa ya riƙa raɗa sabon suna na Latinanci ga duk irin da ya gani, har sunaye suka yi yawan da ba sa amfanar kowa. Abin mamaki, tun a 1820 wani lauya ɗan Italiya mai sha'awar tsirrai, Luigi Colla, ya riga ya siffanta jinsuna biyu na daji, Musa acuminata da Musa balbisiana, amma ba a gane muhimmancinsu ba sai bayan fiye da shekara ɗari. A kan wannan tsohon tsari na Linnaeus ne likita J. M. Dalziel ya dogara lokacin da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma har yau ana cin karo da sunayen biyu a littattafan makaranta.

Abin da ya tilasta gyara ba son ilimi ba ne kawai, asara ce. A farkon ƙarni na 20 wata cuta da ke shiga ta saiwa, wadda aka sa wa suna cutar Panama, ta fara cinye gonakin ayabar Gros Michel da ake fitarwa daga tsakiyar Amurka da tsibiran Karebiyan zuwa Turai da Amurka. Turawan Ingila suka ga sai an haɗa sabon iri mai jure cutar, kuma ba a haɗa iri sai an san iyaye. Saboda haka aka tara ayabobin daji daga Asiya a Kwalejin Noma ta Tirinidad, inda E. E. Cheesman ya yi shekaru yana nazarinsu. A 1947 ya fara buga sakamakonsa. Ya nuna cewa jinsunan Colla biyu su ne iyayen yawancin ayabar da ake ci. Ya kuma ƙirga kuromozom, wato 'yan sandunan da ke ɗauke da gado a cikin kowace ƙwayar halitta, ya raba dangin Musa gida huɗu: Eumusa da Rhodochlamys masu sanduna 11 a kowane jeri, da Callimusa da Australimusa masu 10. Har ila yau ya ware wasu tsirrai ya mai da su dangi mai zaman kansa, Ensete, masu sanduna 9. A wannan dangi ne ayabar dajin Nijeriya take, tare da 'yar uwarta da miliyoyin mutane ke ci a kudancin Habasha. Ke nan Afirka ba ta da ko jinsi ɗaya na dangin Musa da ya tsiro da kansa. Duk ayaba da agaden da ke nahiyar baƙi ne.

2.3 Tsarin Haruffa na 1955

Almajiran wannan makaranta ta Tirinidad, N. W. Simmonds da K. Shepherd, su ne suka kawo tsarin da ake amfani da shi har yanzu. A 1955 suka zaɓi siffofi 15 da suka bambanta iyayen biyu, kamar launin kara, da yanayin kwarin da ke jikin hannun ganye, da siffar ɓawon da ke rufe fure. Kowace siffa ana ba ta maki daga 1 zuwa 5: idan ta yi kama da acuminata sak, maki 1, idan ta yi kama da balbisiana sak, maki 5. Jimillar maki tana tashi daga 15 zuwa 75. Sai a haɗa wannan da yawan jerin kuromozom, a rubuta A a madadin jerin acuminata, B a madadin na balbisiana.

Ayabar daji tana da jeri biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, wato sanduna 22, kuma 'ya'yanta cike suke da ƙwallo. Yawancin ayabar gona kuwa jeri uku gare ta, sanduna 33. Tun da uku ba ta rabuwa biyu daidai, ba ta iya yin ƙwallo yadda ya kamata, ga shi kuma ta gaji wata ɗabi'a ta yin 'ya'ya ba tare da barbara ba. Wannan ne ya sa ba a shuka ayaba, sai dai a ciro ɗan da ya tsiro a gindin uwa a dasa. Bisa wannan tsari, ayabar Cavendish, wadda ta gaji Gros Michel a kasuwar duniya daga shekarun 1950, AAA ce. Agade AAB ne. Akwai kuma ayabar dafuwa ABB. To amma ayabar tsaunukan gabashin Afirka, wadda mutanen Yuganda ke dafawa su yi matoke, ita ma AAA ce, alhali ita kuma ayabar ci ɗanya da Linnaeus ya kira sapientum AAB ce kamar agade. A nan ne rabon "ta ci ɗanya" da "ta dafuwa" ya rushe gaba ɗaya.

Tsarin yana da amfani ƙwarai, domin mutum na iya aiki da shi a gona da ido da takarda. Rauninsa shi ne ido ne alƙali. Siffar tsiro tana canzawa da ƙasa da ruwa da taki, kuma mutum biyu na iya ba siffa ɗaya maki daban. Sannan harafin A bai faɗi daga wane reshe na acuminata gadon ya fito ba, alhali jinsin yana da rassa da dama da suka watsu daga Indiya har Niyu Gini.

2.4 Alamomin Gado

A al'adar Hausawa, kafin tsaga ta ja baya, ana iya duban fuskar mutum a ce wannan Bagobiri ne ko Bakabe ko Babarbare, ko da ya sa tufafin wani gari ya kuma iya karin harshensu. Alamar gado a kimiyya kusan haka take, sai dai ba wanzami ne ke yin ta ba. Wani gurbi ne sananne a jikin sinadarin DNA, wanda yake ɗan bambanta daga zuriya zuwa zuriya, kuma ɗa yana gadonsa daga iyaye ba tare da ƙasa ko ruwa sun taɓa shi ba. Idan aka duba irin waɗannan gurabe masu yawa a tsirrai biyu, yawan inda suka dace shi ne ma'aunin kusancinsu.

An fara ne a shekarun 1980 da gwada wasu sinadaran furotin na ganye, kamar yadda Jarret da Litz (1986) suka yi. Daga farkon shekarun 1990 aka koma kan DNA kansa. Hanyar farko, RFLP, ita ce a yayyanka DNA da wani sinadari da ke yanka a gurabe na musamman, a jera guntayen bisa tsawonsu a kwatanta. Bayanta aka samu RAPD, mai araha amma wadda sakamakonta ba ya yawan maimaituwa daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, sai AFLP da SSR waɗanda suka fi ta tabbas. Ba lallai ne a shiga bayanin kowace ba. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne abubuwan da suka gano.

Na farko, rukunoni huɗu na Cheesman ba su tsaya ba. Wong da abokan aikinta (2002) da kuma Ude da Pillay da Nwakanma da Tenkouano (2002), waɗanda suka yi aikinsu a ƙarƙashin cibiyar binciken noma ta IITA a Nijeriya, duk sun yi amfani da AFLP, kuma sun tarar cewa Rhodochlamys ta fi kusa da acuminata fiye da yadda aka zata, duk da furenta mai launi da ke tsaye sama. A 2013 Markku Häkkinen, masani ɗan ƙasar Finlan, ya haɗe rukunonin suka koma biyu: Musa da Callimusa. Ƙirgan sandunan da Cheesman ya yi daidai ne, siffar fure ce ta yaudare shi.

Na biyu, kuma wannan shi ne ya buɗe ƙofar nasaba, Fauré da abokan aiki (1994) sun gano wani abu da ba a saba gani a tsirrai ba. Ban da DNA na tsakiyar ƙwayar halitta, akwai wasu ƙananan ɓangarori biyu masu nasu DNA: kulorofilas, mai ba ganye launin kore, da mitokondiriya, mai samar da ƙarfi. A yawancin tsirrai duka biyun daga uwa ake gadonsu. A ayaba kuwa na farko daga uwa yake zuwa, na biyu daga uba. Wato kowace ayaba tana ɗauke da salsalar ɗakin uwa da ta gidan uba a rubuce daban-daban. Da wannan ne Carreel da abokan aikinta (2002) suka bi ɗaruruwan ire-ire, suka ga cewa reshen banksii na Niyu Gini yana cikin nasabar mafi yawan ayabar da ake ci, har da agaden Afirka.

Na uku, haruffan Simmonds kansu kimantawa ce. D'Hont da abokan aikinta (2000) sun rina sandunan A da na B da launi daban-daban suka ƙirga a madubin ƙara girma. Wani iri mai suna Pelipita, wanda aka rubuta ABB, ya kamata ya zama da sandunan A 11 da na B 22, sai aka tarar 8 ne da 25. Bayan da aka karanta dukkan DNA na wata acuminata mai suna Pahang a 2012, aka lissafa ƙwayoyin gado fiye da 36,000 a cikinta, bincike ya ƙara nuna cewa sandunan A da B sun yi musayar guntaye a ire-ire da dama. Ma'ana ba barbara ɗaya aka yi aka tashi ba, an yi ta auratayya ne zuriya bayan zuriya. A 2022 Sardos da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa akwai aƙalla kakanni uku na daji da gadonsu ke cikin ayabar gona, amma ba su dace da wani jinsi ko reshe da aka sani ba. Ko dai suna wani daji ba a kai gare su ba, ko kuwa sun ƙare.

Aikin da ya fi dacewa da ɗalibin harshe shi ne na Perrier da abokan aikinsa (2011), domin sun haɗa shaida uku wuri ɗaya: alamomin gado, da tonon kayan tarihi, da kalmomi fiye da dubu na sunayen ayaba a harsunan Asiya da tsibiran tekun Fasifik. Masu tono sun riga sun samu shaidar noman ayaba a fadamar Kuk ta Niyu Gini tun kusan shekara 7,000 da suka wuce. Rassan acuminata kuwa teku ce ta raba su, banksii a Niyu Gini, zebrina a tsibirin Jawa, malaccensis a zirin Malesiya, kuma ba yadda za su haɗu sai mutum ya ɗauki dashe a kwalekwale. Inda aka ga gadon rassa biyu a iri ɗaya, to mutane sun bi ta nan, kuma sau da yawa sunan tsiron ya bi su. Wannan ita ce hujjar da aka kafa da ayaba da agade a sashe na 2.1, sai dai a fage mafi faɗi.

2.5 Agaden Afirka da Tashar Onne

Dazuzzukan yammaci da tsakiyar Afirka suna da ire-iren agade fiye da ɗari, yawan da ba a samun irinsa ko a Asiya inda asalinsa yake. Akwai mai nono babba da 'ya'ya ƙanana masu yawa, kamar Obino l'Ewai, akwai mai 'ya'ya kaɗan manya, kamar Agbagba wanda aka fi nomawa a kudancin Nijeriya. Akwai dogo da gajere, mai koren kara da mai ja. Wanda ya ga wannan zai ɗauka an shigo da ire-ire masu yawa ne a lokuta daban-daban.

Alamomin gado sun nuna akasin haka. Crouch da abokan aiki (2000) da Ude da abokan aikinsa (2003), waɗanda suka gwada tarin agaden IITA, sun sami bambanci ɗan kaɗan ƙwarai tsakanin ire-iren, kuma bambancin bai bi rabon da aka yi bisa siffar nono ba. Fassarar da masana suka fi karkata gare ta ita ce agaden Afirka ya fito ne daga dashe ɗaya ko 'yan kaɗan, sannan a tsawon ƙarnoni wani ɗan gindi yakan fito da 'yar sauyawa, manomi ya lura, ya ware shi ya ba shi suna. Maɗinkan da sunan Soron Ɗinki ke tunawa da su za su fahimci wannan da sauri: aska biyu da aska takwas sunansu daban, kuɗinsu daban, amma ana iya yanko su daga turmi ɗaya. An samu irin wannan sakamako a ayabar gabashin Afirka, inda Kitavi da abokan aikinta (2016) suka nuna cewa ire-irenta masu yawa daga tsatso ɗaya suke.

Tara ire-ire ɗari ta wannan hanya yana bukatar dogon zamani, saboda haka ba Turawan Fotugal ne suka kawo agade ba, sun tarar da shi ne. A wani wuri mai suna Nkang a kudancin Kamaru, Mbida da abokan aikinsa (2001) sun samu 'yan ƙananan tsakuwoyin da ke zama a ganyen ayaba a cikin ramukan da aka kimanta shekarunsu da kusan 2,500. Wasu masana sun yi jayayya, domin tsakuwoyin ganyen Musa suna kama da na Ensete, wato dangin ayabar daji wadda dama 'yar gida ce. Jayayyar tana da ƙarfi, kuma wuri ɗaya bai isa a gina tarihin nahiya a kansa ba, amma yawan ire-iren da ke gonaki shaida ce mai zaman kanta da ke goyon bayan daɗewar.

Wannan bincike ba na gamsar da sha'awa ba ne kawai. Tsirran da gadonsu ɗaya ne, cutarsu ma ɗaya ce. A 1986 cutar baƙin ganye ta Sigatoka ta shigo Nijeriya, kuma ba a samu irin agade na gida da ya tsaya mata ba, amfanin gona ya riƙa raguwa da kashi ɗaya cikin uku ko fiye. IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta fara aikin haɗa iri a tasharta ta Onne a Jihar Ribas a 1987. Dirk Vuylsteke da Rony Swennen, daga baya da Rodomiro Ortiz, sun tarar cewa wasu ire-iren agade suna iya yin ƙwallo jefi-jefi idan aka yi musu barbara da hannu. Suka haɗa su da wata ayabar daji mai jure cutar, mai suna Calcutta 4, aka samu sababbin ire-ire masu jeri huɗu. Wannan aiki ya jawo wa cibiyar lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1994. Vuylsteke ya rasu a haɗarin jirgin saman da ya faɗa teku kusa da Abijan a watan Janairun 2000, tare da abokan aikinsa biyu. Barazanar ba ta ƙare ba, domin wani sabon nau'in cutar Panama da ke kashe Cavendish ya ɓulla a Mozambik a 2013, ya kuma isa Kolombiya a 2019. Saboda irin wannan ne ake ajiye da ire-ire fiye da 1,500 a cikin kwalabe a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, ana kuma tantance su da alamomin gado don kada a ajiye abu ɗaya da suna biyu, ko abu biyu da suna ɗaya.

2.6 Matsayin Kano a Wannan Tarihi

Idan aka dubi yawan sunaye, za a ga bambanci tsakanin mai noma da mai saye. Al'ummomin kurmi suna da suna ga kowane iri, domin su ne suka ware ire-iren da hannunsu. Bahaushen birni yana da kalmomi biyu na aro, yana kuma ƙara siffa idan ya bukata, ya ce babba ko ƙarama, nunanna ko ɗanya. Har matasa sun fara sakin agade suna cewa filanten. Ƙarancin sunayen ba gazawar harshe ba ce, domin wannan harshe ne yake rarrabe dawa zuwa kaura da farafara da sauransu, yake kuma bambanta gero da maiwa da dauro. Shaida ce cewa ayaba ta shigo birnin a matsayin haja, a ƙarshen wata doguwar tafiya da ta faro daga Niyu Gini, ta ratsa tsibiran Asiya da tekun Indiya da dazuzzukan Kwango da Kamaru da kudancin Nijeriya.

Akwai kuma abin da binciken ya ƙunsa ga manomin arewa. An lura cewa ire-iren da ke da kaso mai yawa na gadon B sun fi jure fari, abin da ya sa ayabar dafuwa ta ABB, irin su Cardaba da Bluggoe waɗanda IITA ta rarraba a kudu maso gabas daga ƙarshen shekarun 1980, ta fi agade da Cavendish dacewa da wuraren da rani ke tsawo. Sai dai gadon B yana ɗauke da nasa aibin. Wata ƙwayar cuta mai sa zane a ganye tana kwance a cikin DNA ɗinsa, tana kuma iya farkawa idan tsiron ya wahala ko aka haɗa shi da wani iri. A 2019 Tripathi da abokan aiki a reshen IITA na Nairobi suka ba da rahoton cewa sun kashe wannan gurbi a wani irin agade mai suna Gonja Manjaya ta hanyar gyaran DNA, kuma yawancin tsirran da aka gyara ba su nuna cutar ba ko da aka hana su ruwa.